Babban Yatsan Gwaggo

Ranar da Gwaggo ta rasu, na lura da wani abu game da matan da suka cika gidanmu na Fagge: kowacce da inda ta dafe. Wata ta riƙe ƙugu, wata tana murza wuya, wata ta miƙe ƙafa ɗaya a tabarma tana shafa gwiwa. Bakinsu yana cewa Allah ya jiƙan Iya, Allah ya sa ta huta, hannuwansu kuma suna kan wurin da ta saba taɓa musu. Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari ta zauna kusa da ni, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To yanzu wa zai riƙa miƙar mana da baya?" Ita ba ta dube ni ba, amma duk ɗakin ya juyo ya dube ni.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A gida Gwaggo muke ce mata, a kasuwa kuwa Iya mai tausa, domin mahaifiyarsu daga Ilori aka kawo ta Kano, Iya ake ce mata, sunan kuma ya bi 'yar. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, ita ta koya mini tausa, ita ta aurar da ni, da auren ya mutu kuma ita ta aiko a ce mini in dawo, tabarmar aikina tana nan inda na bar ta. Daga Allah muka zo, gare shi ta koma, a damunar farko bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula.

Da hannu mai ciwo nake rubuta wannan. Tun bayan rasuwarta matan da take dubawa duk suka dawo kaina, ga nawa na da, ni kuma na kasa ce wa masu makokinta a'a. Gindin babban yatsana na dama ya fara zugi. Na san inda wannan hanyar take kaiwa, domin ni na yi wa Gwaggo wanka, na ga hannunta da idona. Ina tsoro, kuma tsoron ne ya sa na zauna in tuna duk abin da ta gaya mini tun kafin ya ɓace.

A cikin masu gaisuwa akwai wadda zuwanta ya sa kowa ya ɗago kai. Hajiya mai atamfa ce, babbar 'yar kasuwa a Sabon Gari, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, wadda ta yi shekaru ba ta tako gidanmu ba. Ta shigo da ƙyar tana dogara bango, ta zauna, ta miƙo mini hannu. Da na ba ta nawa sai ta ƙi saki. Ta kama babban yatsana tana jujjuya shi kamar mai duba zanin da za ta saya, hawaye yana bin kuncinta.

"A kan wannan ɗan abin ta kore ni," in ji ta. "Ku duba fa. A kan wannan."

Duk wadda ke ɗakin ta san labarin.

Kafin in zo ga wannan faɗan, sai na faɗi yadda Gwaggo take koyar da aiki, domin ban taɓa jin wata mai tausa da take yin irinsa ba. Ranar da ta yarda in fara taɓa mutane, ta ɗauko ƙyallen atamfa, irin ragowar da Hajiya take ba ta daga shago, ta lanƙwasa manyan yatsuna biyu a cikin tafin hannu ta ɗaure tam. Na ce, "Gwaggo, ai kin mayar da ni kuturwa. Da me zan yi aikin?" Ta ce, "Da abin da ya rage. Ya ishe ki." Matan da ke jiran layi suka yi ta dariya, suna ce mini mai hannun ƙunshi. Haka na yi ta aiki a ɗaure har damina ta zagayo, kuma duk ranar da na kwance a ɓoye sai ta gane daga yadda mutum yake yamutsa fuska.

Dalilinta shi ne, sabuwar mai tausa da zarar ta ji ƙulli a tsokar mutum, babban yatsa take turawa, domin shi ya fi saurin kaiwa wurin, kuma shi mutane suka fi yabawa. Gwaggo ta ce wannan yabon shi yake cinye hannu. Aikin da nauyin jiki ake yin sa. "Ki durƙusa dab da mutum," haka take cewa, "ki ninke zani a ƙarƙashin gwiwarki, ki miƙe gadon bayanki. Ki bar nauyinki ya taso daga ƙugu, ya bi kafaɗa, ya sauka a tafin hannu. Wuyan hannu a miƙe, kada ki karya shi. Inda nama ya yi kauri, ga damtse nan, ga gwiwar hannu, Allah bai ba ki su don ado ba." In ta ga ina miƙa jiki don in kai ɗaya kafaɗar ba tare da na tashi ba, sai ta ja tsaki ta ce, "Tashi ki zagaya. Tabarma ce, ba kogi ba."

Tana da wani ɗan bugu da take yi mini a gwiwar hannu da bayan yatsunta in na karkace. Ba shi da zafi. Sai dai ka ji shi, ka gyara. Har yau ina jin sa. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, yara suna wasa a tsakar gida, ina durƙushe a kan wata, sai in ji an taɓa mini gwiwar hannu, in juya, babu kowa sai kujerarta 'yar tsugunno a jikin bango. Ba na cewa ita ce. Na san inda muka kai ta. Amma nakan gyara zama.

Sauran dokokinta ba su da yawa, kuma ba ta taɓa jera mini su a zama ɗaya ba, a cikin aiki suke fitowa. Farce a yanke. Man kaɗanya a murza shi a tafin hannu har ya narke kafin ya taɓa fatar mutum, domin jiki yana razana da sanyi ya ƙulle. A fara a hankali, a tambayi mutum inda ke ciwo, sannan a saurari numfashinsa, wanda ya fi bakinsa faɗin gaskiya. Kada a hau kan ƙashin baya, a bi gefe da gefe. Ki ci abinci kafin ki fara, ki sha ruwa, ki yi numfashi, domin ta lura ina riƙe numfashina in na dage. In aka gama da mutum kuma, akwai ƙwaryar ruwan ɗumi a bakin ƙofa. Sai na tsoma hannu, na buɗe yatsu na rufe, na karkaɗe su, na miƙe tsaye na yi miƙa, kafin ta bari wata ta kwanta. In masu jira suka fara ƙorafi sai ta ce, "Wadda take sauri ga hanya nan. Bayanki ya yi shekara yana ciwo, ba zai mutu don an wanke hannu ba."

Akwai kuma jikin da ba ta taɓawa ko an roƙe ta. Wata 'yar Ibo mai sayar da garin rogo ta taɓa zuwa daga Sabon Gari, sabuwar haihuwa, ƙwaurinta ɗaya ya kumbura ya yi zafi. Ta yi ta magiya a murza mata ko kaɗan ne. Gwaggo ta ɗora bayan hannu a wurin, ta ɗauke, ta ce, "Wannan ba tawa ba ce." Ta yafa mayafi, ta goya jaririn da kanta, ta tare tasi ta kai ta asibiti, ba ta dawo ba sai la'asar. Matar nan ta zo gaisuwa. Ta ari ɗankwali a ƙofar gida, ta durƙusa a tsakar gida ta yi addu'a irin tasu, ta tashi ta ce mini, "Likita ya ce da an murza ƙafar nan, da tuni an binne ni. Iya ce ta hana." Ta ajiye ƙullin gari ta tafi tana kuka.

Yanzu ga faɗan. Hajiya mai atamfa tana da ciwon baya na masu zaman shago, irin wanda yake kama ƙasan kafaɗa. Shekara da shekaru Gwaggo ce take yi mata da kanta, kuma da babban yatsa take yi, yadda aka koya mata a zamaninsu. Da Gwaggo ta daina durƙusawa ta koma zama a kujera tana kallo, sai Hajiya ta faɗo hannuna. Ina bi da tafin hannu, ina bi da damtse, Hajiya tana mita.

"'Yar nan, shafa ni kike yi ko tausa? Sa yatsa mana. Nan, nan, danna kamar yadda Iya take yi."

Na dubi Gwaggo, ta kau da kai. Hajiya ta sake cewa in danna. Babbar mace ce, ƙawar wadda ta riƙe ni, ina jin nauyinta, sai na kafa yatsa a ƙullin na danna da ƙarfi. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Yawwa, yanzu kika zo."

Ban san lokacin da Gwaggo ta taso ba. Sai jin bugun nan na yi a gwiwar hannu, wannan karon da zafi.

"Tashi," ta ce mini. Sannan ta juya ga ƙawarta. "Ke kuma ɗaura zaninki."

"Iya, ni kike cewa in ɗaura zani?"

"Ke fa. Kin cinye nawa, ban ce komai ba. Ba za ki ci nata ba."

"Me na ci miki? Ni na ce ki yi sana'ar?"

"Ba ke kika ce ba. Amma wannan ni nake da iko da ita. In tafin hannu bai yi miki ba, masu tausa sun cika gari."

Hajiya ta tashi, ta ce ba za ta ƙara taka gidan da ake wulaƙanta ta a gaban yarinya ba. Gwaggo ta ce Allah ya kiyaye hanya. Da ta fita, na ga Gwaggo ta koma kujera ta zauna, ta tura hannayenta a ƙarƙashin mayafi. Ta yi kewar ƙawarta har ƙarshen ranta, na sani, domin duk sallah sai ta tambayi masu zuwa daga kasuwa ko bayan Hajiya ya yi sauƙi. Amma ba ta taɓa aikawa a ba ta haƙuri ba, kuma duk wanda ya kawo zancen sulhu sai ta ce masa ya sha ruwa ya tafi.

Kalmar nan ta "kin cinye nawa" ta tsaya mini a rai. Daga ranar na fara lura da abin da yake gabana tuntuni. Gwaggo ta daina ɗaura ɗankwali da kanta, wai ni na fi ta iya ɗauri na zamani. Carbi da gefen manuniya take tura shi. Tuwo kuma ta koma ci da cokali. Da mahaifina ya yi mata tsiya, ta ce, "Ai mulkin farar hula za a shiga, ni ma na zama 'yar boko." Muka yi dariya, har da ni. Ba ta iya yanko loma ne, ba ta son a sani.

Na roƙe ta ta ba ni hannunta in murza mata, ba sau ɗaya ba. Ni da nake taɓa rabin matan Fagge, ban taɓa riƙe hannun wadda ta koya mini ba. Kullum amsa ɗaya ce: "Ni ba mara lafiya ba ce." Wata rana da hantsi na narka man kaɗanya na zo na durƙusa a gabanta na ce yau ba zan tashi ba sai ta miƙo. Ta dube ni ta ce, "In kika taɓa kika ji yadda suke, gobe da tsoro za ki durƙusa a kan mutane. Mai tsoro ba ta tausa." Na ce to ai ita ta hana ni bin hanyar. Ta ce, "Ni babu wanda ya hana ni. Uwarmu ta rasu ta bar mini ƙanne, har da ubanki, ga mata a ƙofa tun daga asuba. Wa zan ce wa ta dawo gobe?" Ta gyara mayafinta. "Ke za ki yi mini wanka. Ran nan sai ki duba abin da kike ta son dubawa."

Na yi fushi da wannan magana, na kwana biyu ina amsa mata a taƙaice. Ita ko a jikinta.

A watannin ƙarshe rediyonta ba ya mutuwa. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, kowane bango a Fagge da fuskar wani a manne, matan kasuwa suna zuwa da gardamar siyasa a baki suna yi ko a kwance. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati, na yi aiki tun safe ban huta ba, ga wasu suna jira a zaure. Gwaggo ta rage muryar rediyo ta ce, "Ke, sallame su." Na ce sun taho daga nesa. Ta ce, "Soja da bindiga a hannu sun ce ya isa, sun sauka. Ke da ba ki da komai sai yatsu, ba za ki iya sauka ba? Ki koyi cewa yau na sauka. Ni ban koya ba." Ita ce dokarta ta ƙarshe, kuma ita ce na fi kasa bi.

Ta cika da safe, ana yayyafi. Ni da wata dattijuwar maƙwabciyarmu muka yi mata wanka. Da muka zo kan hannu, maƙwabciyar ta ce in sassauta gaɓoɓin a hankali yadda ake yi wa mamaci, ta juya ta ba ni wuri, domin ta san abin da ke tsakaninmu. Na yaye mayafin. Manyan yatsun nan biyu sun lanƙwashe sun shige cikin tafin hannu, daidai yadda take ɗaure nawa. Gaɓar gindinsu ta kumbura ta yi tauri kamar goro, naman da ke wurin kuwa ya zaizaye ya bar rami. Na yi ƙoƙarin miƙar da su, suka ƙi. Na ɗauki hannun na ɗora a cinyata, na bi shi da tafin hannuna daga yatsu zuwa wuyan hannu, a hankali, yadda ta koya mini, ina kuka ina ce mata ga shi nan na duba. Sai da maƙwabciyar ta dafa ni ta ce maza suna jira a waje sannan na saki. Wannan ce tausa ɗaya tak da na taɓa yi wa Gwaggo, kuma ba ta ji ta ba.

Allah ya gafarta mata, ya yalwata mata makwanci, ya saka mata da gwargwadon ciwon da ta ɗauke wa bayinsa. Ya mayar mata da hannunta lafiyayye a inda babu mai jira a ƙofa.

Bayan sadakar arba'in, Hajiya mai atamfa ta dawo. Ta tarar na gama da mace ta ƙarshe a zaure, ban ko tsoma hannu a ruwan ɗumi ba, domin tun rasuwar ƙwaryar take kife. Ta ce bayanta ya hana ta zaman shago, kuma tun ranar da aka kore ta ba ta bari kowa ya taɓa ta ba. Ta kwanta. Na murza mai, na durƙusa, na ɗora hannu a ƙasan kafaɗarta. Ƙullin yana nan inda na bar shi, ya ƙara girma. Ban yi shawara da kaina ba, yatsan ne ya tafi wurin da kansa, zafi ya harbe ni har kafaɗa. A daidai nan na ji an taɓa mini gwiwar hannu.

Na ɗauke hannuna. Na ja da baya daga tabarmar.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Yau na sauka. Ki dawo jibi, in yi miki da tafin hannu."

Na jira ta yi faɗa. Sai ta yunƙura ta zauna, ta ɗaura zaninta, ta dubi kujerar da ke jikin bango, ta dube ni.

"Miƙo," ta ce.

"Me, Hajiya?"

"Hannun. Miƙo nan."

Na ji hannuna yana neman shigewa ƙarƙashin mayafi, har bakina ya ɗauko cewa ni ba mara lafiya ba ce. Na haɗiye maganar, na miƙa mata. Ta lakato man kaɗanya, ba ta ko narka shi ba, ta kama gindin yatsana tana murzawa da nata babban yatsan, da ƙarfi, irin na wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Ba da yatsa ba, Hajiya," na ji kaina ina cewa. "Da tafin hannu."

Ta tsaya cak. Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya, hawaye ya ɗigo a wuyan hannuna. "Ko muryar ba ki bari ba," ta ce. Ta lanƙwashe yatsanta, ta kifa tafin hannunta a kan nawa, ta ci gaba. Ba ta iya ba ko kaɗan, kuma da zafi. Na bar mata hannun, ban janye ba.